Yadda Muka Kai Yaya Malachy Ƙetaren Iyaka

Drumsalla, Fermanagh,
Lahadi, 20 ga Disamba, 1925.

Zuwa ga ƙanena Phelim,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da kewa da begen ganinka. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Margaret da yaran nan biyu da har yau a hoto kaɗai muka san su. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sanyin Philadelphia da ka ce yana ratsa ƙashi. Mu nan muna nan da rai. Inna tana tashi tana zama, gwiwar ce dai ba ta barinta ta kai ko rijiya. Kawu Hughie kunnensa ya ƙara toshewa, sai ka tsaya a gabansa ka yi ihu. Dankalin bana kusan rabinsa ya ruɓe a ƙasa saboda ruwan da ya ƙi tsayawa, amma abin da muka tona zai kai mu bazara in an bi a hankali. Jar saniyar nan ta haifi mace.

Phelim, ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Yaya Malachy ya rasu ranar Laraba, tara ga wannan wata, da tsakar rana, a ɗakin da aka haife mu duka. Fada Gilheany ya zo masa tun ranar Talata, ya yi masa abin da ake yi, yana cikin hankalinsa. Na so in buga maka wayar tangarahu, Inna ta hana. Ta ce waya kalma biyar ce, za ta same ka a bakin aiki cikin baƙi, ba wanda zai riƙe ka. Ta ce in zauna in rubuta maka komai daga farko, har abin da muka ɓoye maka. To ga shi.

Ka san an kama shi shekara uku da rabi da suka wuce, ka kuma san an sako shi bara. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda ya dawo. Yana cikin fadama yana yankan tubalin ƙasar da muke hura wuta da ita 'yan sandan Arewa suka zo suka tafi da shi, ba tuhuma ba shari'a, suka zuba su su ɗari da ɗari a cikin wani tsohon jirgin ruwa na kaya da aka ɗaure a bakin teku, a ƙasa can inda rana ba ta kaiwa, ruwa yana tsattsafowa a ƙarƙashin ƙafarsu. Sau biyu suka kawo masa takarda, ya sa hannu ya yarda zai bar Arewa ya koma Kudu, su sake shi nan take. Ya ce su gaya wa wanda ya aiko su gonar ubansa ba ta da ƙafa, shi ma ba zai yi mata ƙafa ba. Mutumin da ka sani yana ɗora buhu biyu a kafaɗa yana fito, shi ne ya sauko daga mota rigarsa tana lilo a jikinsa, Inna ta wuce shi tana neman ɗanta. Tun daga ranar tari bai sake shi ba. Duk wasiƙar da na rubuta maka na ce yana samun sauƙi, shi ya tsaya a kaina har na rubuta. Ka yafe mini.

Abu ɗaya ya riƙe shi a tsaye. Layin nan na cikin yarjejeniyar Ingila da Ireland da ya ce za a zo a gyara iyaka bisa ga abin da mazauna wurin suke so. Ya haddace shi kamar addu'a. Ko lokacin da labari ya iske su a jirgi cewa 'yan'uwanmu na Kudu sun juya bindiga suna kashe juna, ba ma a kanmu ba, a kan rantsuwar da za a yi wa sarkin Ingila, ya ce bai karaya ba, domin layin yana nan a rubuce. Da aka ce kwamitin iyaka zai zauna a Enniskillen a farkon bana, sai ya samo takarda ya bi gida gida da sanda, yana tafiya yana tsayawa ya huta a jikin shinge. Gida arba'in da uku ne a Drumsalla. Talatin da bakwai suka sa hannu suna son a haɗa su da Kudu. Tsohuwa Nancy Corrigan da ba ta iya rubutu ba ta zana gicciye har biyu, ta ce ɗaya na mijinta ne, don da yana raye da ya fi kowa saurin sa hannu.

Na ce masa kada ya shiga gidajen Furotesta shida da suka rage, masu son a zauna ƙarƙashin Ingila, ya ce ai rashin kunya ne ka tsallake ƙofar maƙwabci. Ya fara da gidan tsoho Samuel Crozier, ni na raka shi don ina tsoron ya faɗi a hanya. Tsohon ya karɓi takardar ya karanta duk sunayen, ya miƙo masa abarsa, ya ce, “Malachy, shayi zan ba ka, hannu kam ba zan sa ba.” Yaya ya ce ba laifi, shi dai abin da yake nema a tambayi mutane, abin da suka ce a bi. Samuel ya ce to waɗanne mutane? Ya ce in Drumsalla aka tambaya, ku kuka ci, in kuwa aka ja layin ya kai Belfast, mu muka ci, duk wanda alƙalami yake hannunsa shi yake zaɓen mutanen da za a tambaya. Ya ce ɗan ƙanwarsa da ke Cavan, can Kudu, shi ma ba a tambaye shi ba, ya wayi gari ya ga kansa a ƙasar da bai zaɓa ba, aka ƙone masa rumbu da barga, yanzu yana Kanada. Yaya ya ce kakanninku ai zuwa suka yi suka tarar da mu. Tsohon ya ce, “Shekara ɗari uku ke nan, ɗana. Ina kake so in koma? Ko hanyar ban sani ba.” Sai tari ya turnuƙe Yaya, maganar ta tsaya nan. Da za mu tafi tsohon ya bi mu har ƙofa da kwalbar zuma. A hanya Yaya ya ce mini abin haushin shi ne tsohon nan yana da tasa gaskiyar, amma a Drumsalla tamu ta fi tasa yawa, kuma ƙidaya aka ce za a yi.

Ɗan Samuel kuwa, Wesley, wanda kuka riƙa satar tuffa tare kuna yara, yanzu yana cikin 'yan sintirin nan masu baƙin kaki da gwamnatin Belfast ta ba bindiga. Ranar da Yaya zai kai takardar Enniskillen, Wesley ne ya tare mu a mararraba, ya buɗe littafi, ya dubi Yaya ido cikin ido ya ce, “Sunanka?” Yaya ya ce, “Sunan da ka yi ta kira ranar da ka nutse a ramin fadama har wuya, ko ka manta wanda ya jawo ka?” Sauran 'yan sintirin suka fashe da dariya, Wesley ya yi ja har kunne, ya ce doka ce, sai an faɗa. Yaya ya faɗa masa, harafi harafi, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Ya kai takardar ya miƙa wa akawun kwamitin, aka buga mata hatimi, aka ce an gode. Ya dawo gida ranar har da cin abinci faranti biyu.

Daga nan sai jira. Bazara ta wuce, kaka ta wuce. A watan jiya aka fara raɗe-raɗi a jaridu cewa gyaran ba wani mai yawa ba ne, Yaya ya ce ƙarya ce, makirci ne na 'yan Landan don su gwada mu. Ranar Asabar biyar ga wata, muna cin abincin rana, Kawu Hughie ya shigo da jarida bai ko buga laka daga takalminsa ba, ya ajiye ta a kan tebur. Gwamnatocin uku, Landan da Belfast da tamu ta Dublin, sun zauna sun sa hannu: iyaka ta tsaya inda take, abin da kwamitin ya rubuta kuma a rufe shi, kada kowa ya gani. Yaya ya karanta, ya turo mini, ya ce idonsa ba ya gani da kyau, in karanta masa. Na karanta. Ya ce in sake. Na sake. Sai ya ce, “Sabina, kina ganin sun ma buɗe takardarmu kuwa?” Ya tashi ya fita ba kwat ba hula, ana tsuga ruwa. Na ɗauka barga ya nufa. Da na ga shiru na bi sahunsa, na same shi a bakin karyayyar gadar nan da aka fasa shekarar da aka kama shi, yana tsaye yana kallon tsallaken kogi, Kudu ke nan, inda in ka ɗaga murya mutanen Kilbarra za su amsa maka. Bai yi mini gardama ba, ya biyo ni kamar rago. Washegari zazzaɓi ya rufe shi. Kwana huɗu ya yi. Safiyar Laraba ya tambaye ni ko an ba jar saniya ciyawa, na ce an ba ta. Ya ce a kai shi wurin Baba. Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Ka tuna ranar da muka binne Baba, daga ƙofar gida zuwa maƙabartar Kilbarra ko mil ɗaya ba a yi ba. Yanzu gadar babu, katakan da mutane suka gitta don tsallakawa da ƙafa kuma ambaliya ta kwashe su tun farkon wata. Hanyar da aka yarda a bi ita ce babbar hanya ta wurin kwastan, mil goma sha ɗaya. Dokinmu ya tsufa, ba zai iya ba. Ranar Alhamis ina tsaye a tsakar gida ina tunanin wanda zan roƙa, sai ga Samuel Crozier da hularsa a hannu. Ya gai da Inna, ya ce gobe da safe zai kawo dokinsa da keken doki, kuma shi zai ja da kansa, don dokin ba ya jin maganar kowa sai tasa. Inna ta ce, “Samuel, ka san Kudu za a shiga, shekara nawa rabonka da can?” Ya ce ya sani.

Ranar Juma'a bayan an gama addu'a a cocinmu muka kama hanya, mu wajen ashirin, yawanci mata da tsofaffi, don samarin garin nan wanda ba ya Glasgow yana wajenku. Inna tana zaune a kan keken, hannunta a kan akwatin. Ni kuma ina tafe a baya da wani abu a ƙarƙashin mayafina. Tutar Ireland ce mai launi uku da Yaya ya ɓoye a cikin jinkar barga tun kafin a kama shi. A nan gefen ba dama a fito da ita, sai na yi niyyar da zarar mun tsallaka in shimfiɗa masa ita a kan akwatin, ya shiga Kilbarra a ƙarƙashinta. Da muka kai shingen Arewa na ƙara ƙanƙame ta, don in suka caje ni na san inda zan kwana. Wesley yana cikin masu tsaro. Ya dubi ubansa a kan keke, ya dubi akwatin, bai buɗe littafi ba. Ya cire hularsa, ya ɗaga sandar da kansa. Na ji babbansu yana ce masa wa ya ba shi izini, Wesley bai ko waiga ba har na ƙarshenmu ya wuce.

Taku ɗari biyu ne tsakanin shingen da rumfar kwano ta kwastan ɗin Kudu, tuta tana kaɗawa a kanta. Na riga na sa hannu cikin mayafi zan jawo tamu, sai wani saurayi mai sabon kaki ya fito ya ɗaga mana hannu. Daga harshensa mutumin can ƙarshen Kudu ne, ba na jin ya taɓa jin sunan Drumsalla. Ya ce ina takardar doki da keke. Samuel ya ce wace takarda, gawa muka ɗauko. Saurayin ya ce gawa da masu tafiya a ƙasa su wuce, amma doki da keke daga wata ƙasa suka fito, ba sa shiga sai da takarda, mai bayar da takardar kuma ya tafi gari, sai yamma in ya dawo. Daga wata ƙasa, Phelim. Haka ya faɗa. Kawu Hughie da bai ji ba yana ta tambaya me yaron yake cewa, ba wanda ya iya maimaita masa. Fada Gilheany ya yi magana, ya roƙa, har ya ɗan ɗaga murya. Saurayin ya ce shi ma umarni aka ba shi, satin da ya wuce aka kori wani saboda ya bar keke ya wuce, ya ƙara da cewa ai ku 'yan Arewa ba abin da ba kwa shigo da shi, har da cikin akwatin gawa. Ina jin da wasa ya faɗa, don ya ɗan yi murmushi. Inna ta ce a sauko da ita. Ta dafa kafaɗata ta je har gabansa, ta nuna tutar da ke kan rumfar ta ce, “Yaro, wanda ke cikin akwatin nan shekara biyu ya yi a cikin ruwa saboda wannan ƙyallen da ke kanka.” Murmushin ya ɗauke. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Uwa, ki yi haƙuri, ba ni na kafa dokar ba.” Amma bai matsa ba.

Mil huɗu suka rage, kabari a buɗe yana cika da ruwa, rana kuma gajeriya. Aka ce a ɗauka a kafaɗa. Na fito da tutar rabi, Inna ta gani, ta riƙe hannuna ta ce, “Mayar da ita.” Na mayar. Maza biyar ne kaɗai a cikinmu da za su iya ɗauka, har da Kawu Hughie mai shekara sittin da takwas. Ana neman na shida, sai Samuel ya ɗaure dokinsa a jikin rumfar, ya ce wa saurayin tunda ya riƙe shi sai ya kula da shi, yana cizo, sa'an nan ya zo ya sa kafaɗarsa. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya. Sau bakwai aka sauke akwatin a kan katangar dutse don su huta. Inna kuwa wani mai keken jaki daga cikin mutanen Cavan ya tausaya ya ɗauke ta. Da muka kai ƙofar maƙabarta Samuel ya tsaya, ya ce iyakarsa ke nan, shi ɗan Furotesta ne, maƙabartar kuma ta cocinmu ce, mai haƙa kabari ya karɓe shi. Yana nan tsaye a waje cikin ruwa, hula a hannu, har aka gama. An sa Yaya a hannun daman Baba. Tutar tana nan na dawo da ita, ban san abin da zan yi da ita ba.

Ranar Litinin, kwana uku da binne shi, mai kawo wasiƙa ya miƙo mini taka, wadda ka rubuta wa Yaya tun tsakiyar watan jiya. A bayan ambulan ka rubuta Drumsalla, Jamhuriyar Ireland, da manyan baƙaƙe har ka ja layi a ƙasa. Saboda haka ta tafi Dublin, ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, hatimi huɗu a jikinta, kafin wani ya soke abin da ka rubuta da jan alƙalami ya turo ta nan. Da ta zo kai tsaye da ta same shi da rai. Ba don in ɗora maka laifi na faɗa ba, Allah ya sani. Na buɗe na karanta a barga. Na ga inda ka ce a taronku na can kowa ya tabbata kafin Ista Fermanagh ta dawo gida, ka ce ka gaya wa Margaret ta fara haɗa kaya, kai da Yaya za ku gyara gadar da hannunku. Inna ta tambaye ni me ka ce. Na ce kana gaishe ta, yara suna lafiya.

Yanzu ga abin da nake so ka ji, ba a matsayin shawara ba, a matsayin yayarka da ta goya ka. Kada ka zo. Kada ka bar aikinka, kada ka ɗauko yaran nan. Nan ba aikin da za a ba mai suna irin namu, can tsallaken kogi kuma mu baƙi ne masu neman takarda. Gonar zan riƙe ta muddin Inna tana numfashi, don ta ce ba inda za ta, sai ranar da za a bi da ita hanyar da aka bi da Yaya. Bayan nan sai mu yi magana. Idan kuma kun taru a zaurenku kuna waƙoƙin ƙasa kuna tafi cewa Ireland ta samu 'yancin kanta, ban hana ka ba, ni ma na yi murna da abin da aka samu, an kuwa biya shi da tsada. Amma in an gama ka miƙe ka gaya musu akwai gida talatin da bakwai a wani gari da suka rubuta abin da suke so, aka buga hatimi, aka ce an gode.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka sa a yi wa Yaya addu'a a cocinku ranar da zai cika wata ɗaya. Kawu Hughie yana gaishe ka, kafaɗarsa har yau ba ta sauka ba. Nancy Corrigan ta ce in gaya maka tana nan ba ta mutu ba tukuna. Ka gai da Margaret da kyau, ka sumbaci Eileen da ƙaramin Dominic a madadina. Ka gai da Goggo Teresa in kun haɗu, ka faɗa mata da bakinka, kada ta ji a wurin wasu. Samuel Crozier yana kwance da mura tun ranar jana'izar, in ka ga dama ka sa masa layi biyu a cikin amsarka, zan kai masa.

In za ka amsa, ka rubuta a bayan ambulan: Drumsalla, Fermanagh, Arewacin Ireland. Na san hannunka zai ƙi. Ka daure ka rubuta haka, don ta iso mu.

Allah ya jiƙan Yaya, ya ba mu haƙuri, ya tsare ka a inda kake.

Ni ce yayarka mai ƙaunarka,
Sabina Tierney.